Kwamfutar da Labbo Ya Binne a Shanshera

Labbo manomin shinkafa ne a Ambursa, amma ɗan masunta ne. Ubansa, Malam Hodi, ya yi shekara sittin yana su a gulbin Argungu. Ya san kowane gurbi mai zurfi da sunansa, da irin kifin da ke kwana a ciki, da wanda ruwa ya taɓa ci a wurin. Labbo ya ajiye homar kamun kifi ya kama fartanya tun yana saurayi, kuma bai taɓa zama ya tambayi tsohon komai ba. Ba za a ce ya yi rashin biyayya ba. Duk kaka yana aika masa buhu, in ciwo ya tashi shi ke kai shi asibiti. Zama ya saurara ne bai iya ba, kuma wannan ma hakki ne, ko da mutane ba su lissafa shi.

Wadda ta zauna ɗiyarsa ce, Adawiyya, da ke karatu a Birnin Kebbi. Wata uku tana zuwa Argungu duk Asabar, ta ajiye waya a gaban kakanta tana naɗar maganarsa.

"Amarya, yau kuma mi za ki sata?" in ji tsohon.

"Abin da ya rage, Kaka. Ai ba ka da sadaki, sai labari."

Ya yi dariya, ya gyara zama, ya kama lissafa gurabe tun daga sama har ƙasa. In ta koma makaranta sai ta zuba maganar a kwamfutarta ta hannu, ta goge ta waya don wayar ba ta da wuri. Sau da dama ta ce da ubanta ya zo ya ji. Amsarsa ɗaya ce: "Bari a gama girbi."

Malam Hodi bai jira girbi ba. Ya rasu shinkafar rani tana fitar da kai.

Bayan kwana arba'in Labbo ya wayi gari yana son jin muryar ubansa. Ya ji kunyar ya roƙi ɗiyarsa, don ya san hawaye zai zo, shi kuma ba ya son yarinya ta ga hawayensa. Aka yi dace, ko rashin dace, Adawiyya ta tafi unguwar Badariya a Birnin Kebbi wurin gwaggonta da ta haihu, za ta yi mako guda, ta bar kwamfutar a gida. Ya sha ganin yadda take buɗe ta. Ya saka ta a jaka ya nufi fadama, yana nufin ya zauna a bukkarsa shi kaɗai.

Bai kai bukkar ba. Wajen tsallaka magudanar da injin ban ruwa ke zuba, ƙafarsa ta zame a laka, jakar ta faɗa ruwa. Ya ciro ta nan take, ruwa na tsiyaya ta gefen kwamfutar.

Duk ɗan fadama ya san maganin wayar da ta faɗa ruwa: a tura ta cikin shinkafa ta kwana. Labbo ya duba, ga shi ana tsakar girbi, ga buhunan shanshera, shinkafar da ba a cashe ba, wadda aka sussuke jiya. Ya kwance bakin buhu ɗaya, ya cusa kwamfutar har tsakiya, ya ɗinke. Ya ce in kwana ɗaya ya ishi waya, wannan babba sai kwana biyar.

Ran na biyar ya zaro ta da ɗumi kamar an ɗauko ta daga rana. Ya danna maɓallin kunnawa, shiru. Da aka kawo wuta ya jona mata caja. Wata 'yar fitila ta ƙifta sau ɗaya ta ɗauke, sai wari ya tashi irin na roba ta ƙone. Ya danna ya sake dannawa har babban yatsansa ya yi ciwo.

Washegari ya hau kabu-kabu zuwa Birnin Kebbi, shagon Onyedikachi mai gyaran kwamfuta. Shekararsa ashirin a garin, Hausa ta zauna a bakinsa har da karin Kabawa.

"Baba, mi ya same ta?"

"Haka nan ta ƙi tashi," in ji Labbo.

Wannan ƙarya ce, kuma ta ci musu rabin awa. Onyedikachi ya bi hanyar da aka saba. Ya canja caja ya sa tasa, ba ta motsa ba. Ya auna cajar Labbo da mita, lafiyarta lau. Ya danne maɓallin ya riƙe yana ƙirga har talatin, ya saki, ya sake gwadawa. Ya kara kunnensa ko zai ji fanka na juyawa. Ya jona ta da wani allo ko fuskarta ce kawai ta mutu. Babu ko ɗaya.

Sai ya kifa ta ya ɗauki sukundireba. Yana ɗaga murfin, ƙwayoyin shanshera uku suka gangaro kan tebur.

Ya ɗauki ɗaya ya juya ta a tafin hannu. "Baba, ita ma noman rani take yi?"

Labbo bai yi dariya ba. Ya faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe, idonsa a ƙasa.

"Shinkafar busassa ce?"

"Sabuwa ce. Kwananta ɗaya da sussuka."

Onyedikachi ya ajiye sukundireba. "Baba, ni ba manomi ba ne. Amma kai ka gaya min, sabuwar shanshera in an ɗinke ta a buhu ba a shanya ba, mi take yi?"

Labbo ya ce, "Gumi take yi. Ta ɗau zafi."

Ya san wannan tun yana saurayi. Ya sha yi wa ma'aikata faɗa a kan haka. Ranar da sanin zai amfane shi, tsoron ɗiyarsa ya rufe masa ido.

Mai gyaran ya juyo masa da cikin kwamfutar. Wani kore-kore kamar gansakuka ya bi layukan allon da ke cikinta, ƙaiƙayi ya toshe fanka, ga wani wuri ya yi baƙi ƙirin.

"Wanga kore tsatsa ce, kwana biyar ɗin ne suka haife ta. Wanga baƙin kuma caja ce, ranar da ka sa mata wuta tana jiƙe. Da ka kawo ta ranar da ta faɗi, ba ka kunna ba, da na cire batir, na wanke ta, na busar. Da yamma ka koma gida da abarka."

"Ni ba kwamfutar ta dame ni ba," in ji Labbo. "Maganar tsohona na ciki. A cire min ita, ƙarfen ya tahi."

"Shi nake dubawa tun ɗazu." Ya nuna wani ɗan ƙaramin abu baƙi, bai kai farce biyu ba. "Nan take ajiye komai. Wasu kwamfutoci ana zare ma'ajiyarsu a sa a wata. Wagga a manne take da allo, kuma daidai nan wutar ta ci. Ka ga ta tsage." Ya kai masa gilashin ƙara girma. Labbo ya ga tsagar, siririya kamar gashi.

"Ko Kano? Ko Legas?"

"In ka kai, za su karɓa su gwada. Amma ba zan ce maka ka sa rai ba. Ba a kwafa a wani wuri ba?"

Labbo bai sani ba. Ya tattara kwamfutar a jaka ya tafi Badariya da wannan ɗan fatan.

Ya sami Adawiyya tana wanke kayan jariri a tsakar gida. Ya kira ta zaure. Bai yi kwana-kwana ba, wannan kam a ba shi. Ya ajiye jakar a gabanta ya faɗa mata abin da ya yi.

"Akwai wata a wayarki?"

"Na goge, Baba. Na ce in na samu sarari zan kwafa a filashi." Ta dubi jakar. "Ni ma bari-bari na yi."

Ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta shafa bayan kwamfutar, ƙaiƙayi ya manne mata a hannu.

"Mi ya sa ba ka ce in kunna maka ba?"



Can ta ciro wayarta, ta danna wurin naɗar murya, ta ajiye a kan tabarma tsakaninsu, yadda take ajiyewa a gaban kakanta.

"Labaran na riƙe wasu. Sunayen gurabe ne ban haddace ba, na dogara da suna ciki. Kai ka shiga jirgi da shi kana yaro. Faɗi waɗanda ka tuna."

Labbo ya gyara murya. Ya ce Gurbin Kada. Ya ce Mai Tsamiya. Ya ce Bakin Giginya, inda ƙanen ubansa ya nutse. Na huɗun ya zo masa har kan harshe ya koma.

"Nawa ya lissafa miki?"

"Talatin da bakwai."

Wayar ta ci gaba da naɗa. Daga cikin gida jaririn ya fara kuka, aka kira Adawiyya sau biyu. Ba ta tashi ba, tana jiran na huɗu.