Tagar da Ke Hagu

Tun ranar da babban ɗanta ya kawo kafinta gidan, Mama ta ji abin bai kwanta mata ba. Shekara da shekaru tana kukan kantocin kicin ɗinta sun ruɓe, ba wanda ya kula. Yanzu kwatsam ga shi da rawar jiki, wai katakon oak za a sa mata, mai nauyi, launin zuma, irin na dā mai ƙofofi da sassaƙa.

Kafintan ya shimfiɗa zanensa a kan tebur.

"Kowace kabad akwatin kanta ce, Mama. Jera su ake yi, a ɗaure da noti. Ran da aka so, a kwance a ɗauke."

"A ɗauke a kai ina?"

Sai da ya saci kallon ɗanta kafin ya ce, "A'a, misali dai."

Mama ta gyara tabarau. Ba ta iya karanta zane ba, amma ta san ɗakin da ta tsufa tana girki a ciki. Tagarta tana dama da wurin wanke-wanke, a takardar kuwa tana hagu. Doguwar kabad ɗin ajiye tukwane ma an dasa ta daidai inda ƙofar bayan gida take.

"Babana, ta ina zan riƙa fita shanya?"

Ɗan nata ya yi saurin cewa, "Za a gyara, Mama. Kuskure ne."

Mama ta mayar wa kafintan takardarsa. Da yamma ta kira autarta a waya, ta ɗan taɓo zancen. Auta ta hau yabon katakon tun ba a tambaye ta ba, har da launinsa. Wa ya gaya mata launin?

Washegari Mama ta yafa mayafi ta tafi gidan ɗan nata ba sanarwa. Surukarta ta tare ta da fara'ar da ta yi yawa, tana ta janta falo. Mama ta ce ƙafarta ta sage, bari ta ɗan taka. Ta zaga baya. Ɗakunan da ake tara tarkace sun sha sabon fenti, an kafa ƙarfe a bango, irin wanda tsofaffi ke dafawa su miƙe. Ta leƙa ƙaramin cikinsu: ga bututun ruwa, ga taga a hagu.

A nan ɗanta ya same ta, zaune a kan bokitin fenti.

"Yaushe za a kwashe ni?"

Ya durƙusa. "Mama, tun faɗuwar da kika yi a banɗaki ba na barci. Na san in na tambaye ki, ƙi za ki yi. Na ce in kin saba da kicin ɗin, sai mu taho da ke da shi."

"Da ni da kabad, duk a mota ɗaya."

Bai ɗago ba. Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa, wadda furfura ta fara ci.

"Ka turo min kafintan gobe ya auna bangona, ina tsaye. Zancen tashi kuma, ka zo gidana ka zauna ka roƙe ni kamar ɗan kirki. Ban ce zan yarda ba."

Ta miƙa masa hannu ya tashe ta. Har bakin titi ya rako ta, yana riƙe da jakarta.