Shuɗin Tabo a Shafi na Tara

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta. To ta zo, sai dai wannan ba ta Gizo ba ce, ta wata maƙwabciyarmu ce a birnin Cleveland.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, shekara guda da ƙare babban yaƙi, Lorene Hudak ta ture tukunyar kabeji gefe, ta aza tafireta a teburin kicin. Takardar kaki ta saka a ciki, irin wadda harafi ke hudawa, a ɗaura ta a injin gurzawa, tawada ta bi ta hujin ta fito a kan takarda ɗari. Gindin faratan Lorene baƙi ƙirin. Sabulu ya daɗe da sallama musu.

Vernon Stahl, shugaban ƙungiyarsu, yana tsaye a bakin ƙofa yana cin wainar dankalin da ba a ce ya ɗauka ba.

"Uwargida, shafi ashirin ne kacal," in ji shi. "Tarihin ƙungiya, shekara goma cif. Ranar Asabar za mu raba a taro. Ke da yatsunki kamar ruwan sama a kan kwano, ai kafin Laraba kin gama."

"Kai kuma rubutunka kamar kaza ta taka tawada. Wannan harafi ne ko ƙuda ya mutu?"

Ƙungiyar ta masu karanta labaran jiragen zuwa taurari ce, mutanen da duk unguwa ke cewa da sauran gyara a kansu. Su hamsin ne, warwatse a garuruwa. Kowa na buga 'yar mujallarsa a gida, duk wata uku a haɗa a aika wa juna ta gidan waya. Dokarsu ɗaya ce mai tsauri: duk mai kujera ya kawo shafi takwas na hannunsa a shekara. Wanda ya kasa, kujerarsa ta faɗi, ya koma ƙarshen layin masu jira, layin kuwa ya kai shekara huɗu.

Lorene ta yi ta juya takardun har shafi na tara. Nan ta ga sunan mijinta, ta tsaya, ta karanta a fili.

"'Emil Hudak, wanda ko daga ramin yaƙi bai fasa fitar da mujallarsa Ƙurar Wata ba, fitowa goma sha ɗaya.'" Ta ɗan gangara ƙasa. "'Muna kuma gode wa matanmu da suka riƙe mu da kofi.'"

Ta ɗago kai.

"Vernon, wa yake kawo mini takarda a bayan motarsa duk shekarun nan uku?"

"Ni mana."

"Wa kake tararwa tana rubutu?"

Ya share maiƙon bakinsa da hankici. "Haba, uwargida. Na sani, kin sani, Allah ya sani. To amma in na rubuta cewa wani hannu ne ya yi, doka ta hau kan Emil ke nan. Shekara uku ba shafi ko ɗaya. Akwai wani lauya a Detroit da ke kan layi, jira kawai yake wani ya yi tuntuɓe. Ki ce in tsige mutumin da ya dawo daga yaƙi?"

"Ni ban ce komai ba."

"Yauwa. Wainar nan ta yi, af."

* * *

Ku bari in koma baya kaɗan, don ku san wace ce Lorene.

Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take satar mujallun yayanta, tana yage bangon don kada uwarsu ta ga hoton dodon da ya rungumo mace rabin tsirara. A shafin wasiƙun masu karatu ta haɗu da Emil. Ya rubuto cewa mutum ba zai iya numfashi a wata ba, ta rubuto cewa an daɗe da sanin haka, ya nemi wani abin faɗa. Shekara biyu suna faɗa ta gidan waya, a ta uku suka yi aure. Ya samu kujera da sunansa. Ita ba ta shiga layi ba, don an ce gida ɗaya kujera ɗaya ta isa.

Ranar da aka kira shi soja, a tashar jirgin ƙasa, abin da ya ce mata na ƙarshe shi ne, "Lori, kada ki bari kujerata ta faɗi."

Ba ta bari ba. Da rana tana masana'antar ƙera sassan jirgi, Lahadi tana kan tafireta. Da farko ta kwaikwayi muryarsa, daga baya ta manta da kwaikwayon. Ta ƙirƙiro labarin wata mata mai gadin fitila a bayan wata, ita kaɗai, tana haska wa jiragen da ba sa tsayawa. Wasiƙu suka yi ta zuwa: Emil, ka zama wani mutum. Emil, yaƙi ya buɗe maka ido. Ita ce ke amsawa, ta sa hannu da sunansa.

* * *

Ranar Litinin ta kai shafi na tara. Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma yi wata doguwar shawara ba. Yatsunta ne kawai suka buga, a madadin layin Vernon: *Lorene Hudak ce ta rubuta, ta kuma buga, fitowa goma sha ɗaya.* Ta wuce shafi na goma.

Ranar Laraba da yamma ita da Emil suka sauka ɗakin ƙasa inda injin yake. Emil ya dawo daga yaƙi da hannu mai rawa, ba ya iya riƙe cokali sai miya ta zube, amma in ya kama mariƙin injin yana juyawa, hannun kan nutsu. Shi ya sa take bar masa. Kafin a ɗaura kowace takardar kaki, sai ya ɗaga ta a hasken taga ya duba kuskure, kamar yadda suka saba.

Ya daɗe riƙe da ta tara. Takardar na kaɗawa a hannunsa.

"Babu kuskure," ya ce.

Ta miƙa hannu.

"Gaskiya ce ai. Ɗaura." Ya miƙo mata, ya zauna a kan akwatin takarda. "Kin san mujallun suna iso ni a can? A makare, a jiƙe. Abokai suna ce mini Malam Marubuci. Ina cikin rami ina karanta abin da aka ce ni na rubuta, ina cewa a raina, kai, ashe ina da hankali haka." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Asabar an ce in tashi in yi magana. Shi ne kaɗai wurin da ba a kallon hannuna."

Ta tsaya da takardar.

"Lori, za su tambaye ni matar nan mai fitila. Ba ki ƙarasa ba. Me ya same ta? Faɗa mini, ko don in sani."

Lorene ta nemi abin da take ji a ranta, kamar mai laluben ashana a aljihu, ba ta samu komai ba. Ta ɗauko 'yar kwalbar ruwan gyara, shuɗi mai warin jan farce. In an shafa a kan harafi, hujin ya toshe, a sake bugawa a kai. Ta shafa a hankali daga farkon layin zuwa ƙarshe, ta hura masa iska har ya bushe. Ta hau sama, ta buga layin Vernon a kansa, ta sauko.

"Ba abin da ya same ta," ta ce. "Ka ce musu tana nan tana kunna fitila."

Ya kama mariƙin ya fara juyawa.

* * *

Ranar Asabar, a zauren da suka ara bayan wani shagon aski, an tafa wa Emil har ya sunkuyar da kai. Lorene da Thelma, matar Vernon, suna bayan tebur da butar kofi.

"Dubi hannunki, ƙawata," in ji Thelma. "Kamar mai sayar da gawayi. Ni tun bara na ce wa Vernon in yana son tarihi ya auri tafireta."

Lauyan Detroit ya matso da kofinsa, tarihin a hammatarsa. "Madam Hudak ko? Mijinki gwani ne. Ke ma kina taɓa karanta irin namu, ko dai rakiya?"

"Rakiya," in ji Lorene. "Sukari nawa?"

To, ƙarshenta ke nan. Emil ya riƙe kujerarsa shekara goma sha tara, Lorene na buga masa shafi takwas duk shekara, har ya rasu. Vernon ya zama dattijon da ake zuwa tambaya, tarihinsa kuwa shi masu bincike ke kwafa. Lauyan ya samu kujerar wani. Thelma ta koma wurin 'yarta a Toledo. Lorene ta sayar da injin, ta rayu har shekara tamanin da ɗaya. Da muka je kwashe kayanta, mun tarar da takardar kakin shafi na tara a ƙasan akwatin zannuwa. Na ɗaga ta a taga. Shuɗin ya tsattsage, amma ba a iya karanta abin da ke ƙarƙashinsa.