Murfin Akwatin Fenti

Ni mahauci ne, shekara talatin ina saran ƙashi da hannun dama, amma bahago aka haife ni. Ba wanda ya san haka a ajin zanen da 'yata ta sa ni, bayan na yi suɓutar baki na ce mata na taɓa iya zane. Mu takwas ne a wani ɗaki saman shagon ɗinki, duk masu furfura, kowa da labarin yadda ya iya zane kafin neman abinci ya sha gabansa.

Malama, wata siririya da ba ta kai 'yata ba, tana da nata salon. Ranar farko ta zo da tsummoki, ta ce za ta ɗaure wa kowa hannun dama a ƙugu. Wai hannun dama ya tsufa, ya san kunya, yana tsoron a yi masa dariya, na hagu kuwa har yanzu yaro ne, ba ruwansa. Kowa ya miƙa hannu yana dariya. Ni dai sai da ta zo kaina na miƙa.

Ina ɗan shekara sha ɗaya kawuna, wanda ya riƙe ni, ya kama ni ina zana bijimi da gawayi a bangon shagonsa. Ya sha hana ni zanen, ya sha hana ni aiki da hagu. Ranar ya cafke ni. Ya ɗora hannuna na hagu a bakin akwatin wuƙaƙe ya maka murfin sau biyu. Yatsu uku suka karye, ƙaramin har yau a karkace yake, kuma tun daga nan ban sake jan ko layi ɗaya ba. Abin da ya kai ni ajin ke nan, in gani ko kawu ya bar wani abu a hannun.

Kusa da ni wani direban babbar mota ne, mai tumbi da surutu, wanda tun a matakala ya laƙaba mini Mai Wuƙa. Aka ɗaure mu, aka ajiye mana tulu mu zana. Burushi ya faɗi daga hannuna sau uku. Direba ya gani. Ya juya burushinsa ya ƙwala mini ƙotar a kan yatsu.

"Riƙe da kyau mana. Wannan hannun sai da duka."

Wasa yake yi, na sani yanzu. A lokacin ban ga ɗakin ba ma. Hagun ta tashi da kanta ta same shi a hanci, na ji ƙarar guringuntsi irin wadda na saba ji a wurin aiki. Ya tafi da baya ya haɗa da allon zanensa, kwalabe suka tarwatse, jan fenti da jini suka cakuɗe a gaban rigarsa. Tsummansa ya kwance, ya dafa bakin akwatin fentin Malama da hannun dama zai tashi. Akwatin katako ne mai nauyi. Na kama murfin na maka, na ɗaga na sake makawa.

Sai da maza uku suka danne ni a ƙasa, wani ya durƙusa mini a wuya. Ina kwance ina jin Direba yana kuka irin na yara, kuma na gane kukan. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

A asibiti aka ce yatsu uku sun karye. Ban ɓoye wa 'yata komai ba, ita ta je ta ba Direba labarin kawu, don ni na kasa shiga ɗakin da yake kwance. Shi ya hana a kira 'yan sanda. Bayan mako biyu Malama ta aiko in zo, na tafi da niyyar a kore ni a gaban kowa, don na cancanta.

Na tarar da Direba a kujerarsa, hanci a kumbure, an naɗe hannun har gwiwa, kan yatsun sun leƙo baƙi ƙirin. Likita ya ce da wuya ya sake riƙe sitiyari kamar da. Da Malama ta zo da tsummoki sai ya ce ta bar nasa, Mai Wuƙa ya riga ya ɗaure shi. Ba wanda ya yi dariya.

Ta ɗaure ni, ta ɗauke tulun daga tebur. Direba ya ɗora hannunsa a wurin.

"Wannan za ka zana," in ji ta. "Da hagu. In ka gama, shi zai ce ka zauna ko ka tafi."

Na ɗauki burushi. Wannan karon bai faɗi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Hannun ya bi kumburin, ya bi karkacewar ɗan yatsan, ya san inda kowane ƙashi ya goce ba tare da na sake dubawa ba. Shekara arba'in ina jiran wannan ranar, ga ta ta zo ina zane ina hawaye.

Direba ya jawo takardar da hagunsa ya daɗe yana kallo. Sai ya kalli ƙaramin yatsana.

"Ashe kawun naka bai kashe shi ba," ya ce. "Zauna. Matso mini jan fenti, ba na iya buɗe murfin."