Littattafan Ruwan Malam Ashafa

Littattafai takwas a cikin leda. Takarda mai shafi ashirin da biyu, da ɗuminta daga injin bugawa. Kwalbar sanitiza, lema, gurasar roti biyu da miyarsu da aka yi mata tapau, wato aka ƙunshe mata, a shagon mamak na Indiyawa masu sayar da abinci. Abin da Barira ta ɗauko ke nan daga Brickfields, kuma sai da jirgin ƙasa ya wuce tasha uku kafin ta yarda ta dubi takardar.

Mijinta Kalilu ne ya aike ta ta bugo takardar, ta karɓo littattafan daga inda aka ɗauki hoton shafukansu. Gobe da safe zai gabatar da bincikensa ta Zoom a gaban malaman sashensu. Shi ba shi da lokacin fita, ita tana da shi; haka aka raba aiki tun zuwansu Kuala Lumpur. Aji ɗaya suka yi a jami'a, labarin ƙasa suka karanta, kuma ta fi shi maki. Tare suka nemi tallafin ƙaro karatu. Sunansa ya fito, ita ta biyo shi da bizar matar ɗalibi.

A saman takardar akwai sunan Kalilu da na Farfesarsa. Ta juya shafin ƙarshe, wajen godiya. "Da matata, saboda haƙurinta." Ta sake karantawa ko akwai saura. Babu.

Littattafan na mahaifinta ne, marigayi Malam Ashafa, manomin dankalin turawa kuma limamin wani ƙauye a kan duwatsun gefen Fankshin. Farkon bazara a can ba ya da tabbas. Da asuba sanyi har ƙashi, da rana zafi, sai iska ta juyo daga kudu, gajimare ya zauna a kan dutse kwana uku bai zubar da komai ba. Wani lokaci ƙanƙara ce ke fara sauka. Wanda ya yi shuka da ruwan farko yakan rasa iri, don haka Malam ya kafa gwangwanin madara a kan turke, ya riƙa aunawa yana rubutawa, shekara takwas. Barira ce mai tsoma rula ta faɗi lamba, shi ya rubuta. Ita ta rubuta shekarar kowane littafi a bangonsa.

Da korona ta rufe filayen jirgin sama, Kalilu ya kasa komawa gida ya tattaro bayanai, karatunsa ya tsaya cak. Ita da kanta ta zaro littattafan daga ƙasan akwati ta miƙa masa. Ya shige ƙaramin ɗaki da su ya rufe ƙofa. Wata bakwai ke nan tana jin ƙarar kwamfuta daga falo.

A Titiwangsa ta sauka don canza jirgi. Ta tsaya a kan alamar ba da tazara, ta buɗe shafi na biyu. Kalilu ya gano, in ji takardar, cewa ruwan farko a kan wannan dutse yana jinkiri da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A shekarar farko ya sauka 24 ga Maris, a ta takwas sai 12 ga Yuni.

Yuni? A Yuni dankalinsu ya yi fure.

Ta zaro littafin farko. Rubutun Malam ne, ƙanana, a karkace. "12/3. Ƙanƙara. Ta kashe kaji huɗu." Ta tuna ranar sarai. Tana sanye da sabuwar atamfa, ta kifa faranti a ka ta ruga gida, tuwon sadaka ya zube a hanya. Ranar Mauludi ce. Sha biyu ga Rabi'ul Awwal, wata na uku. Malam liman ne, bai taɓa rubuta kwanan wata da lissafin bature ba.

Jirgin Sentul, unguwarsu, ya zo ya tafi tana tsaye. A ƙarƙashin takunkumi bakinta ya buɗe da murmushi, kuma ba ta hana shi ba.

A jirgi na biyu ta zauna tana tsara gobe. Ba sai ta yi komai ba. Ta goge masa riga, ta kai masa shayi, ta koma falo. Cikin malaman nan ba za a rasa wanda zai ce a nuna masa shafin asali ba. In ba gobe ba, wata rana, bayan an buga takardar da sunansa a sama. Ta ɗanɗana wannan tunanin har Sentul. Da ta fito, ruwan la'asar ya tsuge, irin na garin nan da ke zuwa kullum ba ƙanshin ƙasa, ba wanda ke jiransa.

Ƙofar ƙaramin ɗaki a rufe take. Daga ciki Kalilu na gwada jawabinsa da Turanci. Ta ƙwanƙwasa.

"Dakta, ga saƙonka."

Ya fito da farar riga a sama, gajeren wando a ƙasa. "Ki bari in zama Daktan tukuna, lah. Kin samo roti?" Wannan "lah" ta 'yan garin ta kama bakinsa. Ya karɓi takardar, bai dubi ledar littattafan ba. "Zauna ki zama 'yan kallo. Minti goma kawai. In na yi sauri ki ɗaga hannu."

Ta zauna a hannun kujera. Ya iya magana, wannan ba ta taɓa musawa ba. Ya yi bayanin duwatsun kamar a can aka yanke masa cibiya, alhali sau biyu ya je, duka a mota, na biyun ma ya yi amai a kwanar hawa. Ya zo kan inda ya samo bayanan, ya ce daga rubuce-rubucen wani manomi ne na yankin.

Ta ɗaga hannu.

"Na yi sauri?"

"Wani manomi?"

"Haka ake rubutawa, Barira. Ba a sa suna."

"To. Ba ka gwada da na tashar auna yanayi ta Jos ba?"

"Na gwada, bai yi daidai ba. Shi ya sa abin ya zama sabo. Kan dutse yanayinsa daban ne. Farfesa cewa ta yi ba ta taɓa ganin irinsa ba."

"Ba za ta taɓa gani ba kuwa." Ta gyara zama. "Dakta, bara yaushe muka fara azumi?"

"Me ya kawo azumi?"

"Ka dai faɗa."

"Ashirin da huɗu ga Afrilu. Muna cikin kulle."

"Bana fa?"

"Sha uku, in an ga wata."

"Kwana nawa ke nan tsakani?"

Ta buɗe littafin farko ta ɗora masa a kan takardarsa, ta sa yatsa a layin ƙanƙara.

"Wannan ranar Mauludi ce. Ina wurin. Ruwa bai matsa ko'ina ba, watan Baba ne ke zagayawa."

Kalilu ya zauna a ƙasa, a kan tayil. Ya ɗauki waya ya juya kwanan wata ɗaya zuwa lissafin bature, ya juya na biyu, ya juya na takwas. Duk suka faɗo wuri ɗaya, farkon Afrilu. Ya ajiye wayar a hankali.

"Babu komai ke nan. Wata bakwai."

"Akwai ƙanƙara. A littattafai uku na ƙarshe ta ninka. Ba ka kula ba, don a gefen shafi yake rubuta ta."

Bai ji ta ba. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun Titiwangsa."

"Da kin duba tun farko..."

"Ta ƙarƙashin ƙofa?"

Ruwa na dukan gilashin taga. Sai ta ƙara, don ba ta ga dalilin ɓoyewa ba: "Na so in ƙyale ka. Har na zaɓi rigar da zan goge maka."

Ya ɗago ya dube ta kamar yau ya fara ganinta a gidan. Can ya sassauta murya.

"Barira, ji mana. Goben nan ta wuce kawai. Babu mai neman littafin. Farfesa ta gayyato mutane, ba zan iya ce mata na kasa karanta kwanan wata ba. Daga baya mu gyara a hankali, ni da ke. Boleh? Zai yiwu?"

"Da rubutun Baba za ka tsaya ka faɗi abin da ka san ba haka ba ne?"

"Tallafina saura wata biyar ya ƙare."

"Na sani. Ni ma na cike fom ɗin."

Ta tattara littattafan ɗaya bayan ɗaya, ta jera su bisa shekarunsu. Ta shiga ƙaramin ɗaki. Ya fi yadda take zato ƙanƙanta: tebur, fanka, kujera mai juyawa, kofuna uku da shayi ya bushe a ciki. Ta kwaso kofunan ta ajiye masa a bakin ƙofa, ta miƙa masa ledar roti. Kwamfutar ta bar ta a inda take.

"Me kike yi?" in ji shi.

Ta rufe ƙofar, ta murza makulli. Kujerar da sauran ɗuminsa. Ta zauna, ta jawo littafin farko, sannan ta ɗaga murya daidai yadda zai ji.

"Ka kira Farfesa ka ce a ɗage. Ni zan juya kwanakin, ni zan rubuta na ƙanƙarar. Sunan Baba zai fito a shafin farko, nawa kuma a gaban naka."