Sawun Inuwa a Yashin Riruwai

Shekarar da ramin kuza ya rufta da Inuwa a Riruwai, mutane sun ɗauka ba zai ƙara takawa ba. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya kama, amma ƙafar hagun ta sandare daga gwiwa zuwa ƙasa. Aka ɗauke shi daga haƙa aka mai da shi wajen wankin kuza.

Kofur Surajo, tsohon soja mai gadin sito, shi ya kawo ƙwallon kwando barikin masu haƙar kuza. Ya fasa gindin kwanduna biyu, ya ɗaura a kan dogayen azara a filin da ake zubar da yashin wanki. Dokarsa guda ce: kada ka ruga da ƙwallo a rungume kamar ɓarawon kabewa. Inuwa ya fara ne da tsayuwa a gefe yana mayar musu da ƙwallo in ta fita, sai aka lura hannunsa ba ya kuskure. Kafin kaka, shi ake nema duk lokacin da aka matso kwando. A filin nan kaɗai ba wanda yake kallon ƙafarsa.

Wata Lahadi da hantsi malaman makaranta suka zo daga Tudun Wada a bayan babbar mota don a kara. Jagoransu Malam Sale ne, da usur a wuya da ɗan littafin dokoki a aljihu, wanda ya taho da shi daga kwaleji. Aka yarda shi ne alƙali.

Ba a jima da farawa ba aka wurgo wa Inuwa ƙwallo. Ya juya dama, ya juya hagu, mai tsaronsa ya rikice, ya jefa ta faɗa kwando. Sai usur.

"Ba a ci ba," in ji Malam Sale. "Ya yi tafiya da ƙwallo. Taku huɗu na ƙirga."

"Malam, mutumin da ko gudu ba ya iyawa?" in ji Kofur Surajo.

"Ba gudu na ce ba, Kofur. Mai ƙwallo a hannu, ƙafa ɗaya dole ta tsaya. Shi kuwa jan ta yake yi. In haka yake kullum, to kullum laifi ne."

Gardama ta kaure. Wasu na cewa jan ƙafa ba taku ba ne, wasu na cewa doka ba ta san ciwo ba. Inuwa ya dubi ƙafarsa. Shi kansa bai san abin da ƙafar take yi ba. Tun da ta sandare ba ya jin ta sosai. In maganar Malam ta tabbata, ya san ko bayan baƙi sun tafi za a riƙa yi masa kara ne kawai, kuma ba zai iya wasan alfarma ba.

Akwai wani dattijo makiyayi, Rufa'i, da ya tsaya kallo yana jingine da sandarsa. Ya yi sallama, ya ce a ja da baya kada a tattake wurin. Ya tsuguna ya daɗe yana duban yashi, kamar mai bin sawun saniyar da ta ɓata.

"Ni ban san wasanku ba," ya ce. "Amma ga sawun dama: ɗaya, biyu, uku, huɗu, sun yi zobe. Na hagu kuwa ga shi a tsakiya, rami guda ne. Murzawa ta yi a wurin kamar taɓarya, ba ta gusa ba."

Malam Sale ya tsuguna kusa da shi. Ya ciro littafin, ya bi layi da yatsa, ya sake duban ramin. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Gaskiyar Baba ce. Ƙafa ɗaya in ta kafu, ɗayar ta taka ko sau goma. Ni na ƙirga wadda ba ita ba." Ya juyo wajen Inuwa. "Ka gafarce ni, Malam Inuwa. An ci."

Inuwa ya ji kamar an sauke masa buhun kuza daga ka. Ya kama hannun dattijon da hannu biyu yana godiya. Rufa'i ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya bi bayan shanunsa.

Malaman ne suka yi nasara a ƙarshe, don sun fi su numfashi. Kafin su hau mota, biyu daga cikinsu suka tsayar da Inuwa ya nuna musu juyin nan, suna ta gwadawa ƙafa na zame musu.

Da ya isa gida, matarsa Kande tana tankaɗe a tsakar gida.

"Maigida, wa ya ci?"

"Su."

"To wannan fara'ar fa?"

Ya zauna a kan turmi ya miƙe ƙafar. "Ba ni ruwa tukuna, labarin da tsawo."