Zaren Fatsa a Kogin Bronx

Hamidou ya kafa filafili a ruwa, kwale-kwalen ya tsaya cak. Firdaoussi da ke zaune a gaba, saura kaɗan ta kifa.

"Baba, what happened?"

Sai ya nuna mata da haɓa. Wani dattijo ne zaune kan bokiti a gaɓar kogin Bronx, ya jefa fatsa, zarenta ya miƙe har tsakiyar ruwa. Sauran kwale-kwalen 'yan yawo, guda bakwai, duk sun bi ta kan zaren sun wuce suna shewa, ko kallon mutumin ba su yi ba.

Firdaoussi ce ta shirya wannan fita. Gobe za ta tafi Texas aikin jinya, ta ce kafin nan sai ta ga tuƙin da ubanta ya ishe su da labarinsa, na kogin Kwara can wajen Gaya. Shekara ashirin da shida yana sayar da huluna da tabarau a titi na 116, bai sake taɓa filafili ba. Shi kuwa ba tuƙin ne ya fito da shi ba. Awa ɗaya aka ba su, kuma ita ce kaɗai ta rage masa da ɗiyarsa. A gida, daga "sannu Baba" sai ta shige ɗaki da waya.

"Ba a ƙetare zaren masunci," ya ce. "A wurinmu sai ka tsaya, ka gaishe shi, ka jira ya ɗaga sandarsa. Kana ka wuce a hankali, don kar ka kore masa kifi."

Ya ɗaga murya: "Allah ya ba da sa'a!"

Bai ji ba. Dattijon ya toshe kunnuwansa da abin jin waƙa, yana ta gyaɗa kai.

"He can't hear you. Mu tafi, an bar mu."

"Sai ya ɗaga."

Kai, Hamidou akwai taurin kai! Ya tuna ranar da ya ƙetare zaren wani, yana ɗan shekara goma sha biyu. Mahaifinsa bai dake shi ba. Ya dai sauke shi a gaɓa, ya zaunar da shi gaban masuncin yana warware zare har la'asar, mahaifin da mutumin kuwa suna hira suna cin goro. Kewar mahaifin nasa ta taso masa.

Sai dai ruwa bai san da wannan ladabi ba. Yana ta tura su, kafaɗar Hamidou ta fara rawa. A Gaya yakan riƙe jirgi maƙare da buhunan shinkafa wuri ɗaya, yau ga shi kwale-kwalen roba ya gagare shi. Filafilin ya goce. Hancin jirgin ya juya, ya kwashi zaren, ya naɗe shi a igiyar gaba, ya cukuikuye.

Dattijon ya miƙe yana faɗa da Turanci, ya zaro wuƙa zai yanke zaren ya huta.

"Non, non!" Hamidou ya ɗaga hannu. Kunya ta rufe shi. "Gaya mishi kar ya yanke. Wanda ya ɓata, shi ka gyarawa."

Firdaoussi ta fassara, tana ba da haƙuri. Mutumin ya dube su kamar waɗanda suka zautu, ya ɗaga kafaɗa, ya koma kan bokitinsa.

Suka jingina jirgin da gaɓa. Hamidou ya matso gaba ya kama ƙullin, amma yatsunsa na karkarwa, zaren kuma siriri ne kamar gashi. Sau uku yana suɓuce masa.

"Kawo, Baba," ta ce, wannan karon da Hausa, da irin lanƙwasar harshen 'ya'yan Bronx. "Nuna mini yadda ake yi. Kakana ya yi maka faɗa sosai ranar da ka ƙetare zaren nan?"

Ya ɗago ya dube ta. Ashe tana saurara duk shekarun nan. Ya fara ba ta labari: sunan jirginsu, da dorinar da ta taɓa bin su, da yadda kakarta ke soya kifi a bakin ruwa. Tana tambaya, tana dariya, kanta a sunkuye dab da nasa. Daga nesa jagoran yawon yana ta hura usur, alamar lokaci ya kusa ƙarewa.

Hannunsa ne ya tsufa, idonsa na nan garau. Tuni ya gano bakin ƙullin. Da za ta zura dalmar da ke jikin zaren ta cikin madaukin da ke ƙarƙashin babban yatsanta, da komai ya warware nan take.

"Wanne zan ja yanzu?" ta tambaya.

Hamidou ya yi gyaran murya, ya nuna mata wani can daban.