Binne a Gonar Ɗanmaliki

"To in yayyafi ne ya sauko fa? Ya tsiro, rana ta ƙone shi kamar bara?"

Rahamatu ce ke tambaya, ta rungume ƙwarya a ƙirjinta kamar jinjiri. Irin gero ne a ciki, abin da ya rage musu ke nan bayan farin shekara biyu. Mijinta Ɗanmaliki yana tsaye a ƙofar ɗaki da sassafe, sungumi a kafaɗa.

"Allah ba zai yi mana haka sau biyu ba," in ji shi.

"Halan Ya aiko maka da takarda?"

Binne yake son yi, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa a jira ruwa. In ruwan kirki ya zo, geronsu zai riga na kowa nuna a ƙauyensu Mawashi, su fita yunwa da wuri. In ɗan yayyafi ne, shi ke nan, sun rasa iri. Kuma aikin ba na mutum ɗaya ba ne: shi ke sara, ita ke bin sa tana jefa ƙwaya tana rufewa da ƙafa.

"Ba ki ji mai bisharar nan na Kankia ba ran Lahadi? Cewa ya yi mu dogara ga Ubangiji."

"Na ji shi sarai, Maigida. Dogara ai haƙuri ce, a jira ruwa ya jiƙa ƙasa."

"A'a, dogara ita ce ka saki abin da ke hannunka."

"Ikon Allah! Wa'azi ɗaya, rumfa ɗaya, kowa ya taho da nashi."

Ta dube shi, zuciyarta ta karye. Wannan ne saurayin da ya taɓa tako ƙafa tun daga Yashe don kawai ya gan ta a bakin rijiya. Yau wuyansa ya zama kamar sillen kara. Shekara uku ke nan da aka yi musu baftisma, ya daina yanka a gindin tsamiyar kakanninsa, kuma tun daga nan wansa Kabo ke cewa shi ya kore ruwa.

"Tsakaninka da Allah," ta ce a hankali, "don Yesu za ka yi binnen nan, ko don Kabo ya ga geronka ya ji kunya?"

Ya sauke sungumin.

"Ban sani ba, Rahamatu. In na yi addu'a sai in ji kamar Shi ke cewa tafi. In na buɗe ido sai in ga fuskar Kabo."

Suka durƙusa nan bakin ƙofa. Ya fara addu'a, maganar ta sarƙe, ya yi shiru. Ita ma ta kasa kunne da dukan ranta ko za ta ji wani abu. Kurciya kawai ta ji, da tarin ɗiyarsu Saratu daga cikin ɗaki.

Da ta buɗe ido sai ta ga yana kallon cikin ƙwaryar, inda geron ya sauka da yatsa uku daga inda yake a da.

"Ni ce," ta ce, hawaye na zuba. "Kwana huɗu ina ɗiba ina dama wa Saratu kunu. Kullum in ce na yau ne kaɗai. Ina ce maka haƙuri, ashe ci nake yi. Ni ma ban san mi nake kira dogara ba."

Bai yi faɗa ba. Hannunta ya kama.

Ta dubi gabas. Sama fes, ko ɗigon girgije babu. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta ɗora ƙwaryar a ka.

"In ya ƙara kwana bakwai a ɗakin nan, cinye shi za mu yi. Wuce gaba, Maigida, ka sara. Zan zuba shi duka."